Wa ake ambata idan an ambaci Snyder? Sharhi a kan lamba 191

0. Gabatarwa

A shekara ta 2005 wani masanin fizika na jami'ar Kaliforniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch, ya fito da wani ma'auni wanda a ganinsa zai iya taƙaita aikin mai bincike a cikin lamba guda. Ya kira shi h. Lissafin ba wuya gare shi: idan mutum yana da maƙala 20 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 20 a cikin rubuce-rubucen wasu, amman ba shi da 21 da suka kai ambato 21, to h ɗinsa 20 ne. A ƙarshen maƙalar tasa Hirsch ya gwada ma'aunin a kan masana kimiyyar halittu da aka fi ambata tsakanin 1983 da 2002. Wanda ya zo kan gaba shi ne Solomon H. Snyder na jami'ar Johns Hopkins, a Amurka, da 191. Masu bi masa su ne David Baltimore da 160, Robert Gallo da 154, sai Bafaranshe Pierre Chambon da 153. A fannin Hirsch kansa, wanda ya fi kowa, Edward Witten, 110 gare shi.

Snyder likita ne mai nazarin yadda magani ke aiki a cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi (neuropharmacologie). Mai karatu yana iya tambaya me ya kai masu nazarin harshe wannan gona. Dalilin shi ne ambato magana ce. Mutum ne ke faɗar sunan wani a cikin jimla, da wata manufa, bisa wasu ƙa'idoji na jerin kalmomi. Ma'aunin h yana ƙirga waɗannan jimloli ba tare da ya karanta su ba. A cikin wannan takarda za mu nuna cewa lamba 191 tana auna wani abu na gaskiya, sai dai layin sunayen da ke saman maƙala yana da nahawunsa, kuma masu ƙidaya uku sun karanta layi guda sun ba da amsa uku. Mun ɗauki Snyder ne domin a wajensa ba wanda zai ce aikin ƙarami ne ko lambar ta bogi ce. Idan ma'auni ya yi rauni a kan wanda ya fi dacewa da shi, to sai a yi hattara da shi a kan sauran mutane.

1. Abin da ke ƙarƙashin lambar

An haifi Snyder a 1938. Ya koyi bincike daga 1963 zuwa 1965 a wajen Julius Axelrod, wanda ya sami kyautar Nobel a 1970, sannan ya koma Johns Hopkins, inda ya kafa sashen kimiyyar ƙwaƙwalwa a 1980. Maƙalun da sunansa ke kansu sun haura 1000. Idan aka raba su a kan shekara 50, ana samun kamar 20 a shekara, watau ɗaya cikin ƙasa da mako uku. Duk wanda ya taɓa rubuta maƙala shi kaɗai ya san hannu ɗaya ba ya wannan aiki.

Maƙalar da ta fito da sunansa ita ce ta watan Maris na 1973 a mujallar Science, wadda ya sa wa hannu tare da ɗalibarsa Candace Pert, ita tana da shekara 26, shi 34. Batunta makarɓar ofiyom ne. (Mun zaɓi makarɓa, jam'i makarɓu, don fassara récepteur, bisa awon makaranta da maƙera, sabili da abin da ake nufi wuri ne a jikin ƙwayar jijiya inda magani ke sauka. Makarɓi, wanda wasu za su fi so, mutum yake kawowa a rai, kamar mai karɓar haraji.) An daɗe ana zaton akwai wannan wuri. Akwai magunguna biyu, leborfanol da dekstrorfan, masu gini iri ɗaya sai dai ɗaya hoton madubin ɗaya ne, kamar hannun dama da na hagu. Na farko yana kashe zafi kamar morfin, na biyu ba ya yi. Abin da ke bambanta dama da hagu dole yana da siffa, kamar kuba da makullinta. Amman ba wanda ya iya nuna shi a gwaji. A 1971 Avram Goldstein na jami'ar Stanford ya tsara hanyar gwajin, sai dai abin da ya manne a wurin da ake nema bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, saura duk ya manne a ko'ina.

Pert da Snyder sun yi amfani da nalokson, maganin da ke karya aikin morfin, wanda aka yi wa alama da tiritiyom don a iya bin sawunsa. Sun zuba ɗan kaɗan ƙwarai a kan niƙaƙƙiyar ƙwaƙwalwa, suka tace da sauri, suka wanke matatar da sauri, yadda abin da ya manne da sakaci zai tafi, wanda ya shiga kubarsa ya tsaya. Dabarar tacewar an aro ta daga ɗakin gwajin Pedro Cuatrecasas, maƙwabcinsu a Johns Hopkins, wanda ke aiki a kan makarɓar insulin. Kuɗin kuwa sun samu ne a lokacin da gwamnatin Nixon, daga 1971, ta buɗe taskarta don yaƙi da shan ƙwaya. A cikin wannan shekara ta 1973 Eric Simon a Niyok da Lars Terenius a Ufsala, ƙasar Suwidin, suka kai ga sakamako irin wannan, kowa ta hanyarsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya gina lambar. Dabarar niƙa, tacewa da wankewa ba ta tsaya ga ofiyom ba. An ɗauke ta an gwada a kan makarɓa bayan makarɓa. Makarɓar gilisin tare da Anne Young a 1973. Makarɓar asetilkolin tare da Henry Yamamura a 1974. Makarɓar dofamin tare da Ian Creese da David Burt a 1976. Rabuwar makarɓun serotonin gida biyu tare da Stephen Peroutka a 1979. Makarɓun adenozin, inda sinadarin kafe da shayi ke aikinsa, a farkon shekarun 1980. A cikinsu, wadda ta fi nauyi a ganinmu ita ce ta 1976: an jera magungunan taɓin hankali, aka nuna cewa gwargwadon ƙarfin mannewar kowane a makarɓar dofamin, gwargwadon ƙanƙantar abin da likita ke bukatar bai wa majinyaci. A nan gwajin kwalba ya yi daidai da abin da ake gani a gadon asibiti, kuma hakan ba ya yawan faruwa. Philip Seeman na Toronto ya buga sakamako makamancin wannan a shekarar. Daga baya, a 1990 da 1991, tare da David Bredt, an tsamo anzim ɗin da ke haɗa iskar NO a cikin ƙwaƙwalwa, aka kuma gano tsarin ginawarsa, bayan John Garthwaite ya nuna a 1988 cewa ƙwayoyin jijiya suna fitar da wannan iska.

Ba mu da ja a kan ingancin wannan aiki. Abin lura shi ne siffarsa: sunan farko yana sauyawa daga maƙala zuwa maƙala, na ƙarshe ba ya motsi.

2. Nahawun layin sunaye

A Hausa, tsakanin Audu ya bugi Garba da Garba ya bugi Audu, jerin kalmomi ne kaɗai ke faɗa mana wanda ya ji ciwo. Layin sunayen marubuta ma jeri ne mai ma'ana, sai dai nahawunsa ba a rubuce yake ba, kuma kowane fanni da karin harshensa. A lissafi, yawanci ana bin jerin haruffa, matsayi ba ya nufin komi. A kimiyyar likitanci, na farko shi ne wanda ya yi gwajin da hannunsa, na ƙarshe shi ne mai ɗakin gwajin, wanda ya nemo kuɗi, ya zaɓi tambaya, ya gyara rubutu. A nazarin harshe mun saba da suna ɗaya tilo. Wanda ya karanta layin wani fanni da nahawun wani, kuskure zai yi, kamar mai jin Zabarmanci da kunnen Hausa.

To, ga yadda aka karanta layin Pert, Snyder na 1973.

Mai karatu na farko shi ne kundin ƙidayar ambato na Eugene Garfield, Science Citation Index, wanda aka fara fitarwa a kai a kai daga 1964. A zamanin da ake buga shi a takarda, kundin yana jera kowace maƙala da aka ambata a ƙarƙashin sunan marubuci na farko kawai. Ke nan duk wanda ya ambaci maƙalar 1973, Pert ya ƙara wa ƙidaya. Na 1974 Yamamura, na 1976 Creese. Mai ɗakin gwajin ba ya bayyana sai a maƙalun da ya sa sunansa gaba. Garfield ya san da wannan naƙasa. A 1977 ya buga jerin marubuta 250 da aka fi ambata bisa sunan farko. A 1978 ya sake wani jerin na mutum 300, wannan karo da lissafin dukan sunayen da ke kan maƙala, kuma jerin biyu ba su zo daidai ba.

Mai karatu na biyu shi ne kwamitin kyautar Lasker, wadda a Amurka ake ɗauka kamar ƙofar Nobel. A 1978 kwamitin ya ba da kyautar ga mutum uku: Snyder, da Hans Kosterlitz da John Hughes na jami'ar Abadin a Sikotland, waɗanda a 1975 suka tsamo ankefalin, watau sinadarin da jiki ke haɗawa da kansa ya sauka a makarɓar ofiyom. Ba a sa Pert ba. Ba a sa Simon da Terenius ba. Pert ta ƙi halartar bikin, ta rubuta takardar ƙorafi, maganar ta fito a Science a farkon 1979, Garfield kansa ya yi sharhi a kanta a wannan shekara.

Mai karatu na uku shi ne ma'aunin Hirsch. Shi bai san gaba da baya ba. Maƙala mai suna biyu, kowane yana samun ambaton duka. Mai suna ashirin, haka nan. Abin da kundin takarda ya hana Snyder, ma'aunin h ya ba shi cif, bai kuma rage wa ɗaliban komi ba. Kamar a ce buhun hatsi guda an rubuta shi cikakke a littafin kowane ɗan gida. Amman da yake kowane ɗalibi shekara uku ko huɗu yake yi ya tafi, mai ɗaki kuwa yana nan, buhunan duka a rumbunsa suke taruwa.

Hausa tana da abin da ke haskaka wannan. Masu rubutun kimiyya suna taƙaita dogon layi da et al., su ce Creese et al. Mu kuma muna da su na tarayya: su Audu, watau Audu da mutanensa. A fili kamar fassarar juna ne, amman ba sa zaɓen shugaba ta hanya ɗaya. Et al. tana ɗaukar wanda ya zo farko a layi, ko wane ne shi. Su tana ɗaukar wanda mai magana ya sani, ko wanda ya fi girma a cikin taron. Ba a cewa su ƙaramin yaro alhali maigida yana cikin tafiyar, sai in da yaron ake nufi. Kundin Garfield et al. ya karanta. Kwamitin Lasker su ya karanta: su Snyder. Ma'aunin h kuwa ya mai da layin jerin da, wane da wane da wane, inda kowa daidai yake da kowa. Babu ɗaya cikin ukun da ya yi ƙarya, kowanne ya ɗauki wani ɓangare na ma'anar layin ya bar saura.

Hukuncinmu a kan rigimar 1978 shi ne wannan. Masu cewa Snyder sunansa kawai yake ɗorawa ba su da hujja: ɗalibai sun zo sun tafi shekara da shekaru, sakamako mai kyau bai yanke ba, kuma da yawa daga cikinsu sun zama manyan masana da kansu. Iya zaɓen tambayar da za ta amsu a wannan shekara da kayan da ke hannu, aiki ne, ko da ba a ganinsa a kwalba. Sai dai kwamitin bai bi ƙa'ida ɗaya ba. A Abadin ya ɗauki babba da ƙarami, Kosterlitz da Hughes, wanda shi ne sunan farko a maƙalar 1975. A Johns Hopkins ya ɗauki babba ya bar ƙarama. Ana iya cewa Hughes malami ne mai digirinsa, Pert kuwa ɗaliba ce a lokacin gwajin. Wannan bambanci na muƙami ne, bai shafi wanda ya yi aikin ba.

Kada mu ɗauka matsalar ta masu farin tufafin ɗakin gwaji ce kaɗai. Ƙamus na Hausa da Ingilishi na R. C. Abraham, a bugunsa na 1949, yana ɗauke da suna biyu, na biyun Malam Mai Kano. A bugu na biyu, na 1962, suna ɗaya ya rage, kuma Abraham (1962) shi ne abin da dukanmu muke rubutawa. Haka zalika Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta yawancin abin da ke cikin Magana Hausa na 1885: a ƙidayar ambato, Schön ne ke da littafin. Pert aƙalla sunanta yana kan layin.

3. Ambato ba iri ɗaya ba ne

Ko da an warware batun sunaye, saura batun jimlar da ambaton ke ciki. Ga misalai huɗu da muka ƙirƙira don bayani:

(1) An niƙa ƙwaƙwalwar, an tace ta kamar yadda X ya bayyana.
(2) Sakamakonmu ya saɓa wa na X.
(3) An yi bincike mai yawa a kan wannan batu (W, X, Y, Z).
(4) X ne ya fara nuna cewa makarɓar tana nan.

A (1) X ma'aikaci ne da aka ari kayansa. A (2) abokin jayayya ne. A (3) gaisuwa ce, irin ta mai shiga zaure yana bin kowa da sannu. A (4) ne kaɗai ake shaidar cewa shi ya riga kowa. John Swales ya bambanta, a littafinsa na 1990, ambaton da sunan ke cikin ginin jimla, kamar (4), da wanda aka jingine a cikin baka, kamar (3). Tun 1975 Moravcsik da Murugesan sun bi ambatocin wasu maƙalun fizika ɗaya bayan ɗaya, suka iske kusan kashi 40 cikin 100 irin na (3) ne. A wajen ma'aunin h, huɗun nan kowanne 1 ne.

Irin (1) shi ya fi tara lamba, domin duk wanda ya ɗauki dabara dole ya faɗi inda ya samo ta. A 2014 mujallar Nature ta buga jerin maƙala 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa, ta 1951, a kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwa, da ambato fiye da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 a kan siffar ADN ba ta shiga ɗarin ba. Lowry, wanda shi ma malamin ilmin magunguna ne, bai fi Watson da Crick sau hamsin ba. Ma'auninsa ne kowa ke bukata kullum safiya. Wani kaso na lambar Snyder daga nan yake: ɗakunan gwaji na jami'o'i da na kamfanonin magani sun rungumi dabarar tacewa, domin tana ba da damar gwada magunguna masu yawa a kwalba kafin a kai ga dabba. Wannan tasiri ne na gaske, amman tasirin kayan aiki ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Akwai kuma akasin haka, wanda Robert Merton ya bayyana: idan ra'ayi ya karɓu sosai, sai a daina faɗar mai shi. Arvid Carlsson, ɗan Suwidin, ya nuna a 1957 da 1958 cewa dofamin yana cikin ƙwaƙwalwa kuma yana da aikinsa na kansa a wajen motsin jiki. A 1963, tare da Margit Lindqvist, ya kawo ra'ayin cewa magungunan taɓin hankali toshe makarɓa suke yi, shekara 13 kafin su Snyder da Seeman su auna toshewar kai tsaye. Yau ba mai ambatar kowa idan ya ce dofamin ɗan aike ne tsakanin jijiyoyi, kamar yadda ba mu ambatar kowa idan muka ce Hausa harshe ne mai karin sauti. Carlsson ba ya cikin goman farko na Hirsch. Shi aka bai wa Nobel a 2000. Salvador Moncada yana cikin goman, da 143, amman da aka ba da Nobel na 1998 a kan iskar NO, Furchgott da Ignarro da Murad aka kira. Ba muna nufin kwamitin Nobel ne ke da gaskiya ba, batun Moncada ya jawo ƙorafi mai yawa. Muna nufin ƙidaya da hukunci abubuwa biyu ne, kuma ba a cika ganinsu tare ba.

Misalin (2) kuwa yana kusa da gida. Taramol, wanda ba sai an gabatar da shi ga mazaunin Maraɗi ko Damagaram ba, yana aiki ne a wani ɓangare ta makarɓar da Pert da Snyder suka nuna. A 2013 wasu masu bincike na Faransa da Kamaru suka buga a mujallar Angewandte Chemie cewa sun sami taramol a cikin saiwar tafashiya, watau itace yana haɗa abin da aka ɗauka masana'anta ce kaɗai ke iya haɗawa. Labarin ya zaga duniya. A 2014 wata ƙungiya ta Jamus da Kamaru ta buga a wannan mujalla cewa taramol ɗin na kanti ne: a arewacin Kamaru mutane suna sha, suna kuma bai wa shanun huɗa don su jure aiki, fitsari ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Duk wanda ya ba da wannan labari dole ya ambaci maƙalar 2013, mai goyon baya da mai musu. Ƙidaya ba ta san wanne ne wanne ba.

Malaman hadisi sun fi mu tsanani a nan. Su ma suna ƙirga hanyoyin da magana ta zo, amman ba sa tsayawa ga yawa: suna duba kowane mai ruwaya, suna kuma bambanta wanda ya ce na ji da wanda ya ce daga wane. Simkin da Roychowdhury, a 2003, sun bi kurakuran bugu da ke yawo daga jerin manazarta zuwa wani, suka ƙiyasta cewa kamar kashi 20 cikin 100 ne kawai na masu ambato suka karanta abin da suka ambata. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da shi, amman duk wanda ya gyara kundin ɗalibai ya ga kuskuren shafi guda yana gadon kansa daga kundi zuwa kundi.

4. Harshen da ake ƙirgawa

Fannin da Snyder ya yi fice a cikinsa da Faransanci ya fara. Paul Charpentier ya haɗa kulorfuromazin a kamfanin Rhône-Poulenc a ƙarshen 1950, Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a kan majinyata a asibitin Sainte-Anne na Pari, suka buga sakamakon a 1952 a mujallun Faransa. Ba don wannan magani ba, da jadawalin 1976 ba shi da abin jerawa. A 1976 ɗin Garfield ya rubuta a mujallar La Recherche yana tambaya ko kimiyyar Faransa ba ta cika ƙauyanci ba, hujjarsa kuwa ita ce maƙalun da aka rubuta da Faransanci ba a ambatarsu kamar na Ingilishi. Maganar ta ɓata wa mutane rai, amman a 1989 mujallun cibiyar Pasteur suka ɗauki sunayen Ingilishi. Chambon ya sami 153 ɗinsa ne da Ingilishi. Kundin da ke zaɓen mujallun da zai ƙirga, sannan ya sanar cewa waɗanda bai zaɓa ba ba su da tasiri, shi ne alƙali shi ne shaida.

Idan haka ta sami Faransanci, ba sai an faɗi matsayin takardu irin waɗannan, rabi Hausa rabi Faransanci, ba. Duk da haka lambar tana shigowa. Majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, tana duba rubuce-rubucen malami kafin ƙarin girma, kuma ƙananan malamai a jami'o'inmu sun fara sa h ɗinsu na Google Scholar a takardar tarihin aikinsu, kusa da shekarar haihuwa. Hirsch da kansa ya yi gargaɗi a 2005 cewa kada a gwada lambar wani fanni da ta wani. Bambancin 191 da 110 bambancin al'adar fannoni biyu ne a wajen yawan marubuta da tsawon jerin manazarta. A 2020 ya sake rubutu yana nuna damuwa da ɓarnar da ma'aunin nasa ya jawo. Sanarwar San Faransisko ta 2012 da ta Laiden ta 2015 duk sun nemi a karanta aiki kafin a dubi lamba.

Mujallun likitanci da yawa sun ɗauki wata hanya ta rage duhun layin sunaye: a ƙarshen maƙala ana rubuta abin da kowane marubuci ya yi, kuma tsarin da ake kira CRediT ya kasa ayyukan gida 14, daga tsara tambaya zuwa neman kuɗi. Muna ganin sassanmu za su amfana da wannan, musamman a wajen masu ba mu bayanan harshe. Maƙalar 1973 ba ta da irin wannan sakin layi. Da tana da shi, da ya faɗa mana wanda ya wanke matata da wanda ya kawo kuɗi, abin da dama ba a jayayya a kansa. Inda aka saɓa shi ne wanda ya riƙe gwajin lokacin da ya ƙi fitowa. Snyder ya ba da labarinsa a littafinsa Brainstorming na 1989, inda aikin ya fito a matsayin shirin ɗakin gwajinsa da aka danƙa wa ɗaliba. Pert, wadda ta rasu a 2013, ta ba da nata a Molecules of Emotion na 1997, inda ta ce an umurce ta ta bar gwajin bayan watanni ba sakamako, ita kuwa ta ci gaba a ɓoye har ta sa aka yi wa nalokson alama.